HARSASHI BA GIDA BA NE

Daga wani malamin sakandare, Diggi, Ƙaramar Hukumar Kalgo, Jihar Kebbi

Akwai wata cuta da ta kama ma'aikatanmu da 'yan kasuwarmu, har ma da manoman da Allah Ya buɗa wa a shinkafa, wadda ban taɓa jin likita ya ambata ba, ban kuma ga wani marubuci ya ɗauki alƙalami a kanta ba. Cutar kuwa ita ce ta aza harsashin gidan da mutum ya sani, kowa ma ya sani, ba zai iya gamawa ba. Duk mai shakkar wannan magana, ya zaga bayan garuruwanmu, daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo, daga nan Diggi har Gwandu, ya buɗe ido. Zai tarar kowane gari ya yi ɗamara da kangaye: ga bulo layi uku ya yi baƙi, ga rodi ya miƙe sama yana tsatsa, ga tafasa da tumfafiya sun cika wurin da aka ce falo ne. Masu waɗannan kangaye kuwa suna cikin gari suna biyan haya, ko suna cunkushe a gidan gado ana ta rigima a kan maƙewayi ɗaya.

Yadda abin ke faruwa duk iri ɗaya ne. Mutum ya ɗauki adashi, ko aka biya shi wasu ariyas, ko ya sayar da buhunan shinkafa. Sai ya sayi fuloti, ya sa a zana masa gida mai falo biyu da ɗakuna biyar, kowane da banɗakinsa, a ce kuma a zuba ginshiƙai masu ƙarfi saboda wata rana za a ɗora bene. Ranar aza harsashi a gayyato liman da abokan aiki, a raba goro da dabino, a yi addu'a, a ɗauki hoto maigida riƙe da cebur. Kafin a kai ga linta, aljihu ya yi ƙaf. Daga nan sai a shiga cewa "baɗi in Allah Ya kai mu", baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, har yaron da aka haifa a shekarar ya shiga sakandare.

Ni dai ra'ayina a fili yake, kuma a kansa zan tsaya: wanda ya gina ɗaki biyu da zaure da katanga ya tare da iyalinsa, ko da na ƙasa ne, ya fi hankali, ya kuma fi cika magidanci, a kan wanda ya binne dukiyarsa a harsashin ƙaton gida ya bar wa awaki. Kuma ina ganin wannan ɓarna tana da uwa, wato raina ginin ƙasa da muka koya, da kuma ɗaukar bulo da siminti a matsayin ma'aunin mutunci.

LISSAFIN DA BA MU SON YI

Mu ɗauki alli mu hau allo. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙanƙantar albashi na naira 70,000. A watan Fabrairu na 2024 kuwa, buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan. Ashe ke nan, ƙaramin ma'aikacin da ya hana kansa ci da sha da sabulu da kuɗin makarantar yara, ya kwashi albashinsa kacokan ya kai wa mai shago, ko buhu bakwai ba zai cika ba a wancan farashi. Buhu bakwai me zai yi a harsashin gida mai ɗakuna biyar? Ba a yi maganar yashi da tsakuwa da rodi da kuɗin tifa da na birkila da lebura ba tukuna.

Kada kuma wani ya yaudari kansa da cewa ai siminti zai sauko. Kayan da sai an ƙona dutse a wutar da ta kai wajen digiri 1,450 kafin a same shi, sannan a ɗora shi a tirela mai shan gas, ai farashinsa yana ɗaure da farashin makamashi. Masana'antar Kalambaina ta Sakkwato, wadda ta fara aiki tun 1967, ga ta nan kusa da mu, amma kusancin bai sa buhu ya zama na talaka ba. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, kowa ya ga yadda kuɗin ɗauko kaya ya yi tsalle. Saboda haka mai harsashi yana tsere ne da abin da ya fi shi gudu. Kuɗin da za su kai gini linta bana, baɗi ko taga ba za su kai shi ba.

Sannan gini ba shanu ba ne da za a ce suna ƙiba a inda aka bar su. Rodin da aka bari tsirara damina biyar ya ci tsatsa, bulon da ruwa da rana suka yi ta duka ya fara marmashewa, itatuwa sun sa saiwa a cikin harsashi suna tsaga shi. Ranar da mai shi ya dawo zai ci gaba, sai birkila ya ce wannan layi sai an rushe. An yi ba a yi ba ke nan.

Wani zai ce ai gwamnati na da tsari. To, mu ma mun ji. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka ƙaddamar da manufar gidaje ta ƙasa, aka yi alkawarin kowa zai samu muhalli kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa da doka mai lamba 3, aka ɗora wa ma'aikaci zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa. Shekarar 2000 ta zo ta wuce, yaran da aka haifa a cikinta sun yi aure suna neman nasu ɗakin. Mai jiran wannan ya gina masa gida, ai gara ya je ya jira gawon shanu.

GIDAN BAHAUSHE GIRMA YAKE YI

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala, mu ne muka ɗauko ta da hannunmu. Dubi yadda Bahaushe ke kafa gida tun asali. Zai fara da kewaye filinsa, ko da damfami ne na kara. Ya gina ɗakin matarsa, ya haƙa masai, ya yi madafi, ya tare. In kaka ta yi kyau ya tayar da zaure. In ya ƙara aure ya ƙara ɗaki. In ɗa ya isa, a yanka masa sashe a yi masa turaka. Gidan yana girma tare da iyali da kuma aljihu, kuma a kowane mataki gida ne cikakke da ake kwana a ciki.

Shi kuwa wannan zane da muka aro, wanda ake cusa falo da ɗakuna da kicin da banɗaki duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba ya karɓar rabi. Ko dai ka gama shi duka ka buga kwano, ko kuma ba ka da komi. An zana shi ne don mutanen da banki ke ba bashin shekara ashirin ko talatin su gina a wata shida su riƙa biya a hankali. Mu da ke gini da adashi da kuɗin kaka, muka ɗauko zanensu ba mu ɗauko bankinsu ba. Kowa ya daka ta wani, ai ya rasa turmin daka tasa. Ga shi kuma zanen bai san zaure ba, bai san tsakar gida inda mata za su sha iska su yi sussuka ba, bai san garke ba. Baƙo namiji sai ya ratsa ta gaban iyali kafin ya zauna.

WA YA CE ƘASA ABIN KUNYA CE?

A yau in ka ce wa matashi ya yi gini da tubali, sai ya dube ka kamar ka zage shi. In aka je neman aure, tambayar da ake yi a ɓoye ita ce, gidan na bulo ne ko na ƙasa? Haba jama'a! Mu Kabawa ne fa za mu raina ƙasa da dutse? Kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, har yau ganuwarsa ta dutse da ƙasa tana nan ana zuwa kallo, bayan shekaru fiye da ɗari huɗu. Hasumiyar Gobarau a Katsina da Gidan Makama a Kano, da me aka gina su? Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajen shekarun 1830 da ƙasa da azara, ya ɗaura bakan gizon da har yau masana gine-gine na duniya ke rubutu a kansa.

In kuma an ce wannan tsohon zance ne, to mu leƙa maƙwabta. A garin Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 aka ba wannan aiki lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine. A Dandaji, duk a jihar Tawa, a 2018 aka kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gyara tsohon aka mayar da shi ɗakin karatu, aikin da Mariam Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta suka zana. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da ƙasa a 2001, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a fagen zanen gine-gine. Duniya na tafa wa abin da muke jin kunyarsa.

Bari ma mu bar maganar lambar yabo, mu yi ta jiki. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Kabi, shiga ɗakin bulo mai rufin kwano da azahar, sannan ka fito ka shiga soron ƙasa. Jikinka zai ba ka amsa. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito tsakar gida. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Shi kuwa ɗakin bulo an yi shi ne da zaton akwai fanka da na'urar sanyi, watau da zaton akwai wutar lantarki. Sauran bayani na bar wa mai karatu.

HUJJOJIN MASU JA

Na san abin da za a ce, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, a kawo misalin ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ta kuma kwantar da gidaje masu yawa, galibinsu na ƙasa. Za a ce ai Masallacin Zariyan da nake taƙama da shi, wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agusta na 2023, aka yi asarar rayuka. Za a ce akwai gara, akwai wahalar yaɓe duk shekara, giginyar da ake samun azara ta yi wuya, maginan ƙwarai kuma sun ƙare.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a yi adalci. Masallacin Zariya ya kusa shekara ɗari biyu a tsaye kafin wannan musiba. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamba na 2021 ya kashe mutum fiye da 40, ko gama shi ba a yi ba, kuma ba da tubali aka yi shi ba. Makarantar da ta faɗa kan ɗalibai a Jos a watan Yuli na 2024, aka rasa rai 22, ta bulo da kankare ce. Abin da ke kayar da gini shi ne ha'inci da jahilci da sakaci, ko da me aka yi shi. Bulon da muke saye a bakin hanya, wanda aka ja buhu ɗaya aka fitar da abin da buhu biyu ya kamata su fitar, ba a kuma shayar da shi ruwa yadda ya kamata ba, wanda in ya suɓuce daga hannun lebura sai ya zama gari, da me ya fi tubalin da aka cuɗa da ramno aka bari ya tsima? Sai dai suna.

Ruwa shi ne abokin gaban ginin ƙasa, kuma ta hanya biyu yake zuwa. Yana zuwa ta sama idan rufi ya yoyo ko indararo ya toshe. Yana zuwa ta ƙasa idan danshi ya hau bango, ya ɗauko gishirin ƙasa ya riƙa cin gindin katanga, ko kuma idan ruwan sama ya faɗi ya fantsamo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka toshe waɗannan ƙofofi biyu, magana ta ƙare. A nan ne siminti ke da amfani na gaskiya, kuma a nan nake so a kashe kuɗinsa.

IN ZA KA AZA, AZA NA GASKIYA

Harsashin farko takarda ce. Kafin ka sa diga a ƙasa, ka tabbata filin naka ne. Idan na gado ne, a raba tukuna a gaban alƙali ko malamai, kowa ya san rabonsa, mata ma a ba su nasu. Idan saye ka yi, a rubuta, shaidu su sa hannu, maigari da hakimi su sani, a kafa alamun iyaka a gaban maƙwabta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, gwamna kuma a wuraren da aka ayyana birane. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma ya faɗo a ƙasar Kalgo, fili ya yi daraja a wannan yanki, dillalai sun yi yawa, kuma inda kuɗi suka shiga rigima ba ta nisa.

Na biyu, tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi. Mu mutanen bakin fadama ne. Filin da ka gani busasshe a watan Maris, wataƙila tafki ne a watan Agusta, arahar da aka yi maka kuma tana da dalili. Baƙar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma ta haka take tsaga ko wane irin bango. A haƙa har sai an wuce ƙasar sama mai taushi an taras da mai tauri, kada birkila ya ce maka gwiwa ta isa alhali ƙasa ba ta ce haka ba.

Na uku, a zuba harsashin da dutse ko marmara da siminti na kirki, ba tare da ƙwauro ba, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa a babbar damina. A shimfiɗa abin hana danshi a kansa, wanda birkiloli ke kira difisi. A shayar da kankaren ruwa aƙalla mako guda, a kuma tuna cewa sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Daga nan zuwa sama a ɗora tubali, ko na hannu ko wanda aka matse da inji aka sa masa ɗan siminti kaɗan. A yi rufi mai baki da zai kare bango daga feshin ruwa. Wanda ya ga dama ya yi yaɓe da makuba kamar yadda iyaye ke yi.

Na huɗu, kuma shi ne kan magana, a aza harsashin abin da za a iya rufewa kafin damina ta faɗi. Ɗaki biyu ne, to ɗaki biyu. A tsara filin tun farko, a san inda sauran ɗakunan za su zauna in Allah Ya hore, amma kada a binne ko buhu ɗaya a wurin da ba za a kwana ba bana. Kuɗin hayar da mutum ya daina biya, su ne za su gina ɗaki na uku. Sannu ba ta hana zuwa. A kuma farfaɗo da gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai goma a makaranta ɗaya, in suka haɗa kuɗi suka sayi injin matse tubali, kowa zai yi ɗaki kafin waninsu ya kai linta da bulo.

RABONKU A CIKI, 'YAN'UWA MARUBUTA

To, me ya sa na kawo wannan magana a mujallar marubuta, ban kai ta ta injiniyoyi ba? Saboda cutar a kai take, kuma alƙalami na cikin masu shuka ta. Ɗauki littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990, da finafinan da suka biyo bayansu, da waɗanda ake karantawa yanzu a waya. Ina jarumin yake zaune? A tanƙamemen bene mai falo uku, da maigadi, da furanni, da kafet da ƙafa ke nutsewa. Ina ake kai yarinya in ana so a nuna ta shiga uku? Gidan ƙasa a ƙauye. Ɗalibina ɗan shekara goma sha biyar ya karanta wannan sau ɗari kafin ya gama makaranta. Ranar da ya samu albashin farko, wane gida kuke zaton zai zana? Yarinyar da ta taso da wannan hoto, wane saurayi za ta saurara?

Ba ina cewa a daina rubuta masu kuɗi ba, ai suna nan a cikinmu. Tambayata ita ce, ina labarin magini? Ina littafin da jaruminsa ya tare a ɗaki biyu da mutuncinsa, matarsa na alfahari da shi? Ina wanda ya zauna da tsoffin maginan Gwandu da Argungu da Birnin Kebbi ya rubuta yadda ake zaɓen ƙasa, da yadda ake jera azara, da yadda ake ɗaurin guga, kafin su tafi da iliminsu kabari? Kalmomi irin su makuba da ramno da zanko da indararo suna mutuwa a bakin yara, kuma marubucin da ya bari kalmomin sana'ar mutanensa suka mutu, shi ma nasa harsashin ya zaizaye. Ga kuma labari mai ratsa zuciya yana jiran mai rubutawa: ma'aikacin da ya yi ritaya ya rasu a gidan haya, magada suka tarar abin da ya bari kango ne da ba ya zaunuwa, ba ya kuma sayuwa da daraja.

Hukuma ma tana da nata. Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, saboda haka ba sai an yi masa bayanin aljihun malami ba. A gina ajujuwa da gidajen malamai da tubalin inji a 'yan wurare don mutane su gani da idonsu, a koyar da sana'ar a makarantun fasaha, a kuma sa ido kan masu buga bulon ha'inci. Talaka ba ya yarda da abu sai ya ga manya sun yi.

Na san wannan rubutu zai sosa wa wasu inda ba ya yi musu ƙaiƙayi, musamman masu harsashi a bayan gari. Su yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shawarata gare su ita ce, su zaɓi kusurwa ɗaya ta wannan kango, su tayar da ɗaki biyu, su rufe, su tare, sauran filin su shuka kuɓewa kafin Allah Ya kawo buɗi. Wanda kuma yake da ja, filin mujallar nan a buɗe yake, ya zo da lissafinsa mu gwada. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba kowa inda zai sa haƙarƙarinsa, amin.